Motar da Ke Mutuwa Bayan Rabin Sa'a: Nazarin Matsalar Mai a Wata MGB Ƙirar 1968

## Motar da halin da aka same ta

Motar MGB ce mai buɗaɗɗen sama, ƙirar 1968, daga cikin waɗanda aka yi don kasuwar Ingila. Kamfanin MG ya ƙera wannan samfuri a masana'antarsa ta Abingdon daga 1962 zuwa 1980, an kuma yi sama da rabin miliyan, shi ya sa har yau kayan gyaranta ba sa wuyar samu. Injinta mai silinda huɗu ne, girmansa cc 1,798, ƙarfinsa kimanin doki 95. Kafireto biyu gare shi, ƙirar SU, samfurin HS4, faɗin maƙogwaron kowanne inci ɗaya da rabi. Na gaba yana shayar da silinda ta 1 da ta 2, na baya kuma ta 3 da ta 4. Duka biyun suna zaune ne a saman bututun hayaƙi, wani faifan ƙarfe mai rufin kare zafi ne kawai a tsakaninsu.

Wanda ya saba da kafireto mai jet (ƙaramar hanyar da mai ke fitowa ya haɗu da iska) barkatai, wannan na silo (juyin inji ba a taka totur ba), wancan na gudu, zai ga SU daban yake. Jet ɗaya tak gare shi, faɗin raminsa inci 0.090, sai wata allura da ke sirancewa zuwa tsininta, tana shiga cikin ramin. Allurar tana ɗaure a gindin wani fistin da ke hawa da sauka cikin murfi mai siffar ƙararrawa. Idan inji ya zuƙi iska da yawa, fistin ya ɗaga, allura ta bi shi sama, siririn ɓangarenta ya zo daidai bakin jet, mai ya sami ƙarin hanya. Idan an saki totur, komai ya koma ƙasa. A tsakiyar fistin akwai rami da ake zuba wa ɗan baƙin mai marar kauri, wanda ke hana shi zabura lokacin da aka taka totur farat ɗaya. A ƙarƙashin kafireton kuma akwai noti guda mai fuska shida. A murɗa shi ƙasa, jet ya sauka, mai ya ƙaru. A mayar da shi sama, mai ya ragu. Shi ya sa masu gyaran SU ba sa ƙirga juyi, fuskokin noti suke ƙirgawa.

Kowane kafireto yana da kofin mai a gefensa, da fulot da ƙaramin bawul da ke rufe hanya idan kofin ya cika. Famfon da ke kawo man na lantarki ne, yana can baya kusa da tanki, ƙarfin turinsa bai kai psi 3 ba (psi ma'aunin matsi ne). Da an murɗa makulli ake jin shi yana ƙas-ƙas-ƙas, idan kofunan sun cika ya yi shiru.

Mai motar ba makanike ba ne, amma yana da kayan aiki, hannunsa kuma ya saba da sufana. Ya saye ta a ƙarshen 2022, bayan ta yi kusan shekara takwas a ajiye a rufaffen gareji da tsohon mai a tankinta. Tun ranar farko ya ware littafi yana rubuta duk abin da ya taɓa da duk abin da ya gani. Daga wannan littafi aka ɗauko awon da ke cikin wannan nazari.

## Fabrairu zuwa Maris 2023: tayar da ita

Ya tsiyaye kusan lita 20 na tsohon mai, wanda ya riga ya yi ja yana warin fenti. Ya canza baƙin mai da filogi huɗu da batura biyu masu bolt 6 da ke bayan kujeru. Ya buɗe kofunan mai, ya tarar da jan gari a gindinsu, ya goge, ya fesa maganin wanke kafireto ta maƙogwaro. Bai cire kafireton daga jikin inji ba. Murfin tanki ya yi tsatsa, robarsa ta tsattsage, don haka ya sayi sabo mai ƙyalli wanda ya zauna daram a bakin tankin, ya jefa tsohon cikin kwalin tarkace. Man da ya zuba shi ne wanda ake kira E10, mai kashi 10 cikin ɗari na etanol.

Motar ta tashi a rana ta biyu. Silo ne bai yi kyau ba: inji yana juyi 1,200 a minti, da an sauke shi ƙasa da 1,000 sai ya kama karkarwa ya mutu. A cikin Maris duk fitar da ya yi gajera ce, ba ta wuce minti goma sha biyar a cikin gari ba, kuma ban da silon bai ga wata matsala ba.

## Afrilu: matsalar ta fito fili

A makon farko na Afrilu ya hau babbar hanya da rabin tanki, yana gudun kilomita 90 zuwa 100 a sa'a. Bayan minti talatin, a kan wani hawa, ƙarfin motar ya fara tsinkewa. Ta yi fizga biyu ko uku, ta yi tari ta kafireto, ya ƙara taka totur abin ya ƙara muni, ta mutu. Ya yi ta ba ta makulli ta ƙi. Bayan kamar minti goma bugu ɗaya ta tashi, sai ka ce ba ita ba, ta yi tafiyar minti goma sha wani abu, ta sake mutuwa.

Cikin wannan wata abin ya maimaitu, ya kuma rubuta lokutan. Da rabin tanki, minti 30. Ranar da ya cika tanki fal kafin ya hau hanya, minti 12. Ranar da man bai kai rubu'in tanki ba, ya yi kusan sa'a guda kafin ta fara fizga. A cikin gari ba ta taɓa yi ba. Ya rubuta yawan man ne don lissafin shan mai, wanda a lokacin ya kai kimanin lita 10.5 a kowane kilomita 100, bai haɗa shi da mutuwar motar ba.

## Ƙarshen Afrilu zuwa Mayu: murɗa noti, sai kayan wuta

Tari ta kafireto alama ce ta ƙarancin mai a cikin haɗin iska da mai, wannan kuwa gaskiya ne. Don haka ya fara da notin jet. Ya tarar da su a fuska 12 daga sama, wato juyi biyu cur, wanda shi ne ma'aunin da ake farawa da shi. Ya riƙa sauke su fuska biyu-biyu har suka kai 18. Silo ya ɗan kwanta, ya iya sauke shi zuwa juyi 1,000 ba tare da inji ya mutu ba, wannan ya sa ya ɗauka ya kama hanya. Amma bayan mako biyu ya cire filogi ya tarar da su baƙi ƙirin da busasshen toka, salansa na fitar da baƙin hayaƙi idan an taka, shan mai ya haura lita 14 a kilomita 100. Mutuwar kan hanya kuma ba ta tafi ba, sai ma ta matso: da rabin tanki, minti 22.

Daga nan ya juya ga wuta. Dalilinsa ba na banza ba ne, domin kwayil ko kwandensa da suka tsufa suna iya aiki lafiya da sanyi, su yanke idan sun yi zafi, su dawo bayan sun huce, daidai da abin da motar ke yi. Ya buɗe distirbuta, ƙirar Lucas 25D, ya tarar da tazarar kwantak ta rufe zuwa inci 0.009 maimakon 0.015. Ya sa sabon kwantak da kwandensa da kwayil, ya daidaita tazarar filogi a inci 0.025, ya sa taimin a digiri 10 kafin fistin ya kai ƙololuwa. Motar ta fi saurin tashi da safe, ta kuma fi jan hanya. A fita ta gaba ta mutu a minti na 23.

A wannan fitar ya lura da wani abu da ya rubuta da layi biyu a ƙarƙashinsa. Agogon juyin inji na wannan mota daga layin kwayil yake karanta bugun wuta. Da wuta ce ke yankewa a wannan layi, allurar agogon za ta faɗi sifiri nan take ko ta riƙa tsalle, ko da tayoyi na ci gaba da juya inji. Tasa ba ta yi haka ba. A hankali take sauka, tana bin saurin motar.

## Yuni da Yuli: zargin zafi da sabon famfo

Da wuta ta fita daga zargi, sai ya koma kan zafi. Etanol yana tafasa a digiri 78 na ma'aunin Salsiyos, wasu sassan fetur ma ƙasa da haka, kofunan mai kuwa suna saman bututun hayaƙi. Ya duba faifan kare zafi ya ga rufin bayansa ya zube, ƙarfe ne zalla. Ya sa sabon faifai, ya nisanta tiyon mai daga jikin inji, ya naɗe shi da rigar kare zafi. Wannan ya rage wahalar tashi idan an kashe ta da zafi na ɗan lokaci. Mutuwar kan hanya ba ta sauya zani ba. Akwai ma abin da ya saɓa wa wannan zargi tun farko: a kan babbar hanya iska na ratsa ɗakin inji, mai kuma na gudu ba ya tsayawa ya ɗau zafi, cunkoso ne ya fi kawo tafasar mai, a cunkoso kuwa motar lafiya lau take.

A Yuli ya cire famfon SU ya sa wani famfon lantarki na gama-gari da aka ce masa ya fi ƙarfi. Ya fi ƙarfin kuwa. Da rabin tanki ta yi minti 50 kafin ta fara fizga. Sai dai sababbin matsaloli sun zo tare da shi. A kan silo inji ya riƙa shaƙewa da mai. Wata rana ya tsaya ya ji wari, ya ɗaga bonet, ya ga fetur na zuba ta bututun ambaliya na kofin gaba, yana ɗiga ƙasa a gefen da bututun hayaƙi yake, inji kuma da zafinsa. Ya kashe ta nan take. Da ya sa ma'auni a bakin tiyo, famfon yana tura psi 6, ninki biyu na abin da ƙaramin bawul ɗin kofi zai iya tarewa. A gindin kofunan jan garin nan ya dawo, wani ɗan ɓarɓashi ma ya maƙale a bakin bawul na gaba. Ya kuma rubuta cewa sau biyu, bayan doguwar tafiya, ya ji wani ƙara daga baya kamar an danna gwangwani ya lotsa.

Bai sake hawa motar ba har ya kai ta wurin wani dattijon makanike da ya daɗe yana aikin kafireton SU.

## Agusta: komawa farko da awo

Dattijon bai buɗe bonet ba sai da ya karɓi littafin ya karanta shi daga farko. Mai motar ya ce, "Baba, ni dai kafireton nan nake zargi." Ya ce masa, "To Malam, za mu zo kansu, amma su ne na ƙarshe a layi."

Sun fara da matsin silinda, inji da ɗuminsa, totur a buɗe: psi 155, 150, 150, 155. Lafiya. Tazarar bawul ya kamata ta zama inci 0.015 da sanyi, biyu daga cikin takwas sun matse zuwa 0.010, aka gyara. Aka duba taimin da fitila, aka ga yana gaba yadda ya kamata idan an ƙara juyi. Sannan aka ɗauko tsohon famfon SU, aka sa masa sabon kwantak da sabuwar fatar bugu, aka mayar da shi mazauninsa. Matsinsa ya nuna psi 2.7. Aka zare tiyo daga kafireto aka sa a kwalba mai ma'auni, ya zubo lita 1.1 a minti ɗaya, alhali ɗan sama da rabin lita ma ya wadatar. Aka mayar da notin jet fuska 12.

Wato a cikin gareji babu abin da ya faɗi jarrabawa. Dattijon ya ce tunda a hanya take ciwon, a hanya za a auna ta. Ya sa aka cika tanki fal, domin a littafin ya ga da cikakken tanki ta fi saurin mutuwa. Suka ɗauki kwalbar awo, dogon tiyo, sukundireba da tukunyar kashe gobara, suka nufi hanyar da ba ta da yawan motoci kuma tana da wurin tsayawa a gefe. Umarninsa ɗaya ne: da ta yi fizgar farko, a taka kuloci a kashe makulli a lokaci guda, a gangara gefe. Dalili shi ne idan an bar makulli a kunne, famfo zai ci gaba da ɗura kofuna a hankali, shaidar ta goge kafin a duba.

Ta yi fizgar a minti na 13. Suka cire sukurori uku na murfin kowane kofi. Ɗaya ya kusa bushewa, ɗayan man bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Suka mayar da murafan, suka jona dogon tiyo suka kai bakinsa cikin kwalba nesa da zafin inji, suka murɗa makulli. Famfo ya riƙa bugawa ɗaya-ɗaya, da ƙyar, man na fitowa siriri yana yankewa. A minti ɗaya bai cika mililita 200 ba.

Dattijon ya zagaya baya, ya yagi siririyar takarda ya riƙe ta dab da bakin tanki, ya ce a murɗe murfin a hankali. Murfin ya yi tauri kamar ana riƙe da shi daga ciki. Da ya saki, aka ji doguwar zuƙa, takardar ta lanƙwasa ta manne a bakin tankin, gindin tankin kuma ya yi ƙara ya koma daidai. Takardar ba ado ba ce. Tankin da ya yi zafi ma yana iya huci idan an buɗe shi, amma waje yake hurowa, kunne kuma ba ya bambance su. Nan take suka sake awo da murfi a buɗe: lita ɗaya da ɗoriya a minti.

Da suka koma, mai motar ya tono tsohon murfin daga kwali, aka ajiye su gefe da gefe. Tsohon yana da 'yar hanyar iska a cikinsa. Sabon ba shi da ita. Irin wanda aka yi wa motocin da aka kai Amurka ne daga 1970, waɗanda tankinsu ke numfashi ta wani bututu dabam da ke zuwa gwangwanin gawayi a ɗakin inji, saboda dokar hana tururin fetur fita sarari. Wannan mota ba ta da wannan bututu, murfin ne kaɗai ƙofar iskarta. Aka sa murfi mai numfashi. Washegari ta yi minti 90 a babbar hanya da cikakken tanki ba ta yi ko tari ba.

## Satumba da Oktoba: kafireton da kansu

Silo kuwa yana nan yadda yake, juyi 1,200, ya ƙi sauka. Sai yanzu aka zo kan kafireto.

Inji na silo, dattijon ya ɗan fesa maganin wanke kafireto a ƙarshen sandan da ke riƙe da faifan totur, inda ya ratsa jikin kafireton. Sautin inji ya canza nan da nan, a duka biyun, ya fi yawa a na baya. Ya fesa a gasket ɗin manifol, babu canji. Da aka kashe inji ya kama sandan da yatsa ya girgiza shi sama da ƙasa, ana jin yana wasa a cikin raminsa. Shekaru hamsin da biyar na buɗewa da rufewa sun cinye sandan tagulla da ramin da yake juyawa a ciki, iska na shiga ta nan ba tare da ta bi ta kan jet ta ɗauki mai ba.

Aka cire su aka wargaza a kan tebur, kowanne a tirensa, domin fistin da murfinsa tare aka daidaita su tun daga masana'anta, ba a musanya na wannan da na wancan. Ba a kuma goge cikin murfin da takarda mai kaushi ko man ƙyalli, tsumma da ɗan fetur kawai, saboda ɗan siririn gibin da ke tsakaninsu shi ne ke sa fistin ya ɗaga daidai gwargwado. Ga abin da aka samu. Ramin mai na fistin ɗin gaba ya bushe ƙaf, na baya kuma wani ya taɓa zuba masa mai mai kauri. Allurar baya tana da wani sheƙi a gefe ɗaya, a sa farce a ji ɗan tudu, ramin jet ɗinta kuma ya zama kamar ƙwai maimakon da'ira, alamar jet ɗin ba ya tsakiya, allura ta daɗe tana gugar sa. Fulot ɗin gaba ya wuce ma'auni. Robobin gindin jet sun taurare.

An sa sababbin bush, wato zoben da sanda ke juyawa a ciki, a jikin kafireton aka rarake su daidai da sababbin sanduna, an sa sababbin faifan totur, allurai, jet, bawul na kofi da gasket. Allurar wannan shekara kafaffiya ce, ba ta lilo kamar ta samfuran da suka biyo baya, don haka dole a saita jet a tsakiyarta da hannu. Gwajin mai sauƙi ne: a ɗaga fistin da yatsa a sake shi, ya faɗo da kansa ya bugi gindi da ƙara mai tsabta, ko jet na sama ko yana ƙasa. Na baya sai da aka sassauta aka sake ɗaurewa sau da dama kafin ya ba da wannan ƙara. Aka saita fulot a milimita 4, cikin iyakar 3.2 zuwa 4.8, aka zuba mai mai lamba SAE 20 a duka biyun har ya haura bakin ramin fistin da kimanin milimita 13.

Kafin a mayar da su aka sauke tanki. Cikinsa tsatsa ce, samansa ya fara cinyewa inda laka ke taruwa, gindinsa kuma da alamar lotsawa. Aka sa sabo, aka hure bututun ƙarfe, aka canza duk tiyon roba zuwa mai lamba R9 wanda ke jure etanol, aka sa matatar mai kafin kafireto.

Saitin ƙarshe ya ɗauki yamma guda. Inji ya yi ɗumi sosai, aka sassauta maɗaurin da ya haɗa totur ɗin kafireto biyun don kowanne ya tsaya da kansa. Dattijon ya sa bakin ɗan tiyo a wuri ɗaya a maƙogwaron kowanne, ɗaya bakin a kunnensa, yana murɗa sukurun silo har hucin biyun ya zama iri ɗaya, sannan ya tabbatar da ma'aunin iska. Daga nan sai noti. A ƙarƙashin kowane kafireto akwai ɗan fil da ke ɗaga fistin, ana so a ɗaga shi kimanin milimita 0.8 kacal. Idan juyi ya hau ya tsaya a sama, mai ya yi yawa. Idan ya faɗi inji ya nemi mutuwa, ya yi kaɗan. Idan ya ɗan hau ya dawo, an dace. Saboda akwai bututun da ya haɗa manifol biyun, taɓa ɗaya yana shafar ɗayan, don haka fuska ɗaya-ɗaya ake yi, ana komawa ana sake dubawa, ana ɗan taka totur tsakani don share man da ya taru. Suka tsaya a fuska 13 a gaba, 14 a baya. Aka ɗaure maɗaurin, aka saita cok, wato abin da ke ƙara mai don tayar da inji da sanyi.

## Nuwamba 2023 zuwa Yuli 2024: sakamako

Silo ya zauna a juyi 800. Shan mai a doguwar tafiya ya tsaya a kimanin lita 9.5 a kilomita 100. Bayan kilomita 1,000 aka cire filogi, duka huɗun launin ƙasa mai haske. Matatar mai ba ta tara komai ba. Motar ba ta sake mutuwa a hanya ba, da cikakken tanki ko da ɗan kaɗan, har a ranakun da zafin iska ya wuce digiri 30.

## Dalilin da wannan ya yi aiki, wancan bai yi ba

Cututtuka biyu ne a mota ɗaya, ba su da alaƙa, amma alamarsu ɗaya ce, wato ƙarancin mai a silinda. Wannan ne ya ruɗa aikin na wata huɗu.

Mutuwar kan hanya lissafi ne tsantsa. Duk litar man da ta fita daga tanki dole litar iska ta maye gurbinta. Idan ba ƙofa, iskar da ke ciki ce za ta miƙe ta cike wurin, matsinta ya faɗi. Tankin ya haura lita 50. A rabi, akwai iska kamar lita 27. Rabin sa'a a wannan gudu yana cin kusan lita 5, iskar ta bazu zuwa lita 32, matsinta ya sauka daga psi 14.7 zuwa kimanin 12.4. Wannan gibi na psi 2.3 yana ja da baya, famfon kuwa ƙarami ne, kamar mai tsotsar ruwa da tsinke daga gorar da aka toshe bakinta. Da cikakken tanki iskar 'yar kaɗan ce, lita ɗaya ko biyu sun isa su kawo wannan gibi, shi ya sa minti 12. Hutun minti goma yana ba iska damar silalowa ta gefen roba, famfo kuma ya cika kofuna a hankali. A gari shan man a minti kaɗan ne, silalowar tana iya biyan bashin. Sauke noti zuwa 18 ya ƙara shan mai da kashi ɗaya cikin uku, lokacin mutuwa ya ragu daidai da haka, daga 30 zuwa 22. Famfo mai psi 6 ya fi ƙarfin zuƙa, ya jinkirta abin, ya lotsa tanki, ya kuma fi ƙarfin bawul ɗin kofi. A ganina wannan ne mataki mafi haɗari a duk labarin, domin fetur a gefen bututun hayaƙi mai zafi gobara ce ke jiran lokaci, kuma awon minti ɗaya da kwalba zai nuna tun farko ko tsohon famfon ya gaza ko bai gaza ba.

Matsalar silo kuwa daga sandunan totur take. A kan silo iskar da inji ke sha kaɗan ce ƙwarai, don haka 'yar ɓarauniyar iskar da ke shiga ta gefen sanda kaso ne babba a cikinta. Da an buɗe totur sai ta zama ba komai ba. Tunda SU noti ɗaya gare shi na dukan matakan gudu, wanda ya ƙara mai don ya rufe ɓarakar silo ya ƙara shi ne har a kan babbar hanya, inda ba a buƙata. Baƙin filogi da lita 14 daga nan suka fito. Fuska ɗaya ko biyu da aka ƙara a ƙarshe ba su da wannan illa, domin E10 da ma yana son ɗan ƙarin mai: kilo 14.1 na iska yake buƙata ga kilo ɗaya, fetur zalla kuwa 14.7.

Ba duk aikin mai motar ne ya tafi a banza ba. Kwantak ya rufe da gaske, faifan kare zafi ya lalace da gaske, kuma da bai gyara su ba da sun shiga tsakani lokacin saitin ƙarshe. Littafinsa ma shi ya warware matsalar, domin lambobi ukun nan na Afrilu, 12 da 30 da kusan 60, su dattijon ya gani ya ce a cika tanki kafin gwaji. Inda aikin ya karkace shi ne ba a koma an duba jerin abubuwan da aka canza a Fabrairu ba, murfin tanki kuma yana cikinsu, sannan duk awon da aka yi kafin Agusta an yi shi ne lokacin da motar take lafiya.

Abu ɗaya ya rage. A rana mai zafi, idan an kashe ta bayan doguwar tafiya aka dawo cikin minti goma zuwa goma sha biyar, sai an ɗan taka totur an riƙe makulli na daƙiƙa huɗu ko biyar kafin ta kama, ta kuma yi rabin minti tana gurnani kafin silo ya daidaita. Zafin bututun hayaƙi ne ke hawa ya dafa man da ke kofuna da jet bayan fanka ta tsaya. Mai motar ya yanke shawarar ba zai taɓa noti a kan wannan ba. Ya sayi ma'aunin zafi da ake haskawa daga nesa, yana rubuta zafin kofunan biyu a minti na biyar, na goma da na goma sha biyar bayan kashe inji, don ya ga ko ƙarin rufi a faifan zai wadatar ko sai an sa fankar lantarki mai ci gaba da juyawa bayan an zare makulli.